Hattara da mai sayar da mota a hoto, ya cinye wa kawuna miliyon 2

Salamu alaikum ƴan uwa na Damagaram da kewaye. Na jima ina jan ƙafa kan rubuta wannan abu saboda kunya, don da hannuna a ciki dumu-dumu, amma jiya da dare na sake cin karo da motar nan a Facebook da sabon nimero, na ce a'a, shirun ya isa haka.

Duk wanda muke shan shayi tare a fada ya san ba ni da zance sai na mota. Ni ne mai cika baki cewa Toyota ce motar talaka, Benz kuwa sai mai kuɗi ranar saye da ranar gyara, Peugeot kuma tun daga 504 da 505 ban ga wadda zan yarda in hau hanyar Tanut da ita ba. To wannan surutun nawa ne ya sa kawuna, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ya kira ni ya ce ɗana zo ka duba min wata mota an turo min a WhatsApp. Camry ce ruwan toka, wai 2010, ƴar Amurka, tana tsaye a wani pak, wato filin sayar da motoci, a Lome, hotuna sun kai goma sha biyar har da na injin an wanke shi yana ƙyalli. Miliyon 3 da rabi na sefa, wai da kuɗin duwan (kwastan) da kart gris (takardar mallakar mota) da komai har ƙofar gida. Ni da na san ko a pak ɗin Yamai ba za ka samu Camry mai takardu kusa da wannan kuɗin ba, maimakon in ce kawu wannan arhar ta yi yawa, wallahi sai na ce Allah ne ya kashe ya ba ka.

Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne mutumin ya taɓa kawo mota da gaske. Wani ɗan kasuwa a Kasuwar Dole ya sayi Corolla ta hannunsa, ta iso lafiya, kowa ya gan ta tana yawo a gari. Sai daga baya muka gane wannan Corollar ita ce tsabar da aka watsa wa kaji, mota ɗaya ya kawo ya sayi sunan amana da ita, sauran kuwa abans kawai yake tarawa.

Kawu ya tura miliyon 1 abans. Bayan sati biyu mutumin ya kira da murya mai sanyi, baba motarka ta taso amma konbuwa, wato ayarin motocin, ta tsaya a garin Kaya na Burkina ana jiran rakiyar sojoji, direba ba shi da na gazuwal da na abinci, a taimaka da jaka 400. Kuma ku lura da wayon, ƙaryar tasa a jikin gaskiya ya jingine ta. Kowa ya san tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil, hanyar Kwatano da muka saba ta toshe, kaya suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina, Kaya, Dori, Tera, kuma da gaske manyan motoci na yin makonni suna jiran rakiya. Shi ya sa in ya ce konbuwa ba ta tashi ba babu mai musu, wa zai tashi daga Zinder ya je Kaya ya leƙa? Bayan kwana goma kuma sai ga maganar duwan, wai an ƙara kuɗi, jaka 600 ko a riƙe motar a Yamai. Aka tura. Kowane turi da sunan mutum daban za a karɓa, yau ƙanensa gobe yaronsa, ko wannan bai farkar da mu ba.

Sai da wata biyu suka wuce sannan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na ce wa mutumin ya ɗauko min hoton lambar shasi. Kwana huɗu yana min hanya-hanya, rezo babu, yaro ya tafi da makulli, daga ƙarshe dai ya turo. Ga wanda bai sani ba, lambar nan tana ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ana hango ta daga waje ba sai an buɗe mota ba, akwai ta kuma a jikin ƙofar direba. Haruffa da lambobi 17 ne cif, kuma babu I babu O babu Q a ciki, in ka ga ɗaya daga cikinsu to hannu ya taɓa. Na farkon yana faɗin ƙasar da aka ƙera ta, J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin Amurka kuma na goma shi ne shekara, 7 na nufin 2007, 8 2008, 9 2009, daga 2010 aka koma haruffa, A 2010, B 2011, haka dai. Na zauna a kan tabarmar kawu na sa yatsa a kan waya ina ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, na kai na goma sai ga 7 ɓaro-ɓaro. Na sake ƙirgawa har sau uku. Camry 2007 ce aka sauya wa fitilu da bamba ta koma kamar 2010, abin da ƴan pak suka iya kamar shan ruwa tunda jikin duk ɗaya ne daga 2007 har 2011.

Na kira mutumin na faɗa masa, sai ya ce kai yaro me ka sani a mota, ba ni baba mu yi magana. Washegari nimero a rufe.

Akwai wani direba ɗan unguwarmu ta Birni da yake zuwa Lome ɗauko kaya, muka ba shi hotunan, Allah ya taimaka ya gane pak ɗin da wani gini mai shuɗin fenti da ya fito a bayan motar. Ya je ya tarar da ita nan tsaye ta sha ƙura, ko motsi ba ta yi ba balle Kaya. Mai pak ɗin ya ce shi bai taɓa jin sunan mutumin ba, kullum mutane na shigowa su ɗauki hoto su fita, shi ina ruwansa.

Don haka in an turo maka mota daga nesa kada ka saki ko dala sai ya kira ka bidiyo yana tsaye jikinta, ya tada injin kana ji, ya nuna maka lambar gilashi da ta ƙofa da ta takarda duk su zo ɗaya, ka kuma sa ya rubuta sunanka da kwanan watan ranar a takarda ya ɗora kan tablo, mai gaskiya minti biyar ya gama wannan, ɓarawo ne rezo ke yanke masa. Kontar da ke ƙirga tafiyar mota ma kada ta ruɗe ka, ƴan Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wadda ta nuna 150,000 ta ci kilomita 240,000 ke nan, in ma ba a mayar da ita baya ba. Ni dai yanzu na fi yarda da tsohuwar Starlet da zan kai wa makanikina ya shiga ƙarƙashinta a kan Highlander ta cikin waya. Kuɗi kuma ta hannun transiter, wato mai fito da kaya daga duwan, mai biro da za ka iya zuwa ka zauna masa, ya ba ka resi da tambari.

Mun kai ƙara komisariya, a can muka haɗu da wasu mutum biyu, ɗaya daga Mirriya ɗaya daga Matamaye, su ma Camry ruwan toka suke jira. Kawu bai ce min komai ba har yau, gaishe ni ma yake yi kamar da, abin da ya fi ci min rai ke nan. Tallar da na gani jiya hotunan ne dai sak, shuɗin ginin yana nan a baya, sai dai yanzu ya rubuta miliyon 3 da jaka 200, wai mai ita na sauri zai tafi Umara.