Filashar tsofaffin finafinan Amurka: abin da na tarar a ciki

Na sayi filashar nan da ake ta talla, wadda aka ce an tara mata finafinai da hotunan Amurka na farkon ƙarni na 20.  Ta iso lafiya, ta kuma buɗe a kwamfuta ba gardama.

Abin da ya tafi da imanina fim ɗin San Faransisko ne na 1906. 'Yan'uwan nan masu ɗaukar fim da ake kira Miles suka ɗaura kyamara a goshin taragon cikin gari, ya bi titin Market sannu a hankali har tashar jiragen fito mai hasumiyar agogo, tafiyar kusan minti 12. Babu danja, babu hannun da ake bi. Kekunan doki, motoci, masu keke, masu tafiya a ƙasa, kowa ratsawa yake ta gaban taragon, ka ce yanzu za a take wani, sai ka ga ya sha. Da wuya ka ga namijin da babu hula a kansa. Yara na tsere a gaban kyamara suna waiwaye suna ɗaga hannu. In ka lura da kyau, motoci ƙalilan ne ke zagayowa suna sake wucewa, don a ga kamar garin cike yake da mota.

Kwana huɗu bayan ɗaukar nan, ranar 18 ga Afrilu, girgizar ƙasa ta afka wa birnin, gobara ta biyo baya kwana uku tana ci, mutum fiye da 3,000 suka rasu. Da na sake kallo, yaran nan masu tallar jarida da ke ƙarshen fim ɗin kawai nake dubawa, ina tunanin wa ya tsira a cikinsu. Wallahi jikina ya yi sanyi. A lokacin na ce ko wannan kaɗai ya biya kuɗina.

To amma ba a nan ta tsaya ba. An shafa wa finafinan launi da kwamfuta, fuskar mutum ta yi ja yanzu, anjima ta koma shuɗi-shuɗi. An kuma liƙa musu ƙarar kofato da hon, alhali finafinan wancan zamani ba su da sauti. Wannan duk na haƙura.

Wanda ya ƙona min rai shi ne hotunan Lewis Hine. Mutumin nan daga 1908 ya riƙa shiga masaƙu da mahaƙar kwal yana ɗaukar yaran da ake sa su aikin ƙarfi, wani lokaci sai ya ɓad da kama a matsayin mai tallar Baibul kafin a bar shi ya shiga. Yakan rubuta sunan yaro, shekarunsa, tsayinsa da awoyin da yake yi. Rubutun nan shi ne shaidar, shi ya sa hotunan suka girgiza mutane. A filashar duk an yanke shi. Ga yaran Fensilbaniya masu tsince dutse daga kwal, fuska baƙi ƙirin, amma ba shekara, ba gari, sai lamba kawai. Haka hotunan jerin gwanon matan da suka nemi 'yancin zaɓe a Washinton a 1913, an watsa su cikin na bukukuwa.

Na rubuta wa mai sayarwa, ya ce: "Malam, ai hoto ka saya, ba karatu ba." Amsar nan ta fi yankan zafi.

Hotunan Hine sama da 5,000 suna shafin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka kyauta, da bayaninsu cikakke, fim ɗin San Faransisko ma yana can babu fenti. Wanda data ke yi wa wahala, filashar za ta yi masa amfani wajen kallo. Malamin tarihi kuwa kada ya shiga aji da ita. Tauraro biyu na ba ta, na biyun ma albarkacin titin Market ne.