Sharhi: Wata Bakwai a Zaman Masu Ƙoƙarin Barin Giya a Kaduna

Na shafe shekara 11 ina shan giya a ɓoye, kuma a tsawon wannan lokaci na yi rantsuwar dainawa sau ba adadi, galibi a daren da aka ga watan azumi, sai in koma ruwa tun ba a gama yawon sallah ba. Yanzu wata bakwai ke nan ina halartar wani zama da masu fama da wannan jaraba suke yi a tsakaninsu duk ranar Asabar da yamma a kudancin garin Kaduna, don haka na ga ya dace in bayyana abin da na tarar.

Gano wurin shi ne abin da ya fi ba ni wahala. Na yi makonni ina bincike a intanet, amma duk abin da nake cin karo da shi tarukan wasu garuruwa ne, ko waɗanda ake yi ta waya da Turanci, lamba ɗaya da na samu kuwa ba ta taɓa shiga ba. Babu allo, babu sanarwa, kuma ba tambaya ce da mutum zai yi wa maƙwabcinsa a ƙofar masallaci ba. Daga ƙarshe wata ma'aikaciyar jinya ce ta rubuta mini kwatance a 'yar takarda, ranar da na je ganin likita a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Ina ba duk mai nema shawarar ya fara daga asibiti, ba don kwatance kaɗai ba. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya yanke lokaci guda, hannunsa kan fara rawa cikin sa'o'i kaɗan, ga zufa da rashin barci, kuma tsakanin kwana biyu zuwa uku wasu kan kai ga jijjiga da gane-gane da ruɗewar da kan iya yin ajalin mutum. Wannan aikin likita ne, kuma masu zaman su ne suka fara jaddada mini haka.

Ana zaman ne a wani ajin makaranta da aka ara, a kan bencinan yara, mutum goma ko sha biyu. Tsarin da suke bi sun ɗauko shi ne daga Alcoholics Anonymous, ƙungiyar taimakon juna ta masu son barin giya, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935: matakai 12 da mai son dainawa zai bi, sunan farko kaɗai ake faɗa, ba a biyan kuɗin shiga, kuma sharaɗi ɗaya ne, wato mutum yana son ya daina. Akan zagaya da kwano, mai naira ɗari ya saka, marar shi ya miƙa gaba. Ranar farko na tsaya a bakin ƙofa ina shirin juyawa, sai wani dattijo mai furfura ya matsa mini wuri ya ce, "Shigo ɗana, yau ba sai ka ce komai ba." Na ce, "To, Baba," na zauna. Can sai wani ya ba da labarin yadda yake cusa ledar ogogoro a cikin safa, ya kuma tauna kanumfari a bakin layi kafin ya shiga gida don kada matarsa ta ji wari. Ni ma abin da nake yi ke nan, kuma har ranar na ɗauka ni kaɗai na san wannan dabara.

Abin da na fi yabawa shi ne ba a katse mai magana, ba a kuma yi masa wa'azi. Wa'azi na sha shi, kuma ban taɓa shakkar haramcin giya ba. Abin da na rasa shi ne wanda zan kira da ƙarfe tara na dare idan ƙishinta ya taso. A nan aka haɗa ni da wanda ya riga ni dainawa da shekara huɗu, ya koya mini in daina alkawarin har abada, in riƙe na yau kawai. Musulmi da Kirista muke zaune a benci ɗaya, kowa yana neman taimakon Ubangiji bisa addininsa, kuma ban taɓa jin an yi gardama a kan haka ba. Da na zame a wata na uku, na dawo kaina a sunkuye, babu wanda ya tuhume ni, sai dai aka sake fara ƙirga mini kwanaki.

Akwai gyara. Takardun da ake karantawa duk da Turanci suke, sai wani ya riƙa fassarawa da ka, kuma na ga mutum biyu da suka daina zuwa saboda wannan. Mata ba su taɓa wuce biyu ba, alhali matsalar ba ta maza kaɗai ba ce. Zama ɗaya a mako ya yi kaɗan ga sabon shiga, sannan wanda zai taso daga Kawo ko Rigasa kuɗin Keke Napep kaɗai ya isa ya hana shi zuwa. Mun fara shawarar buɗe zama na biyu da Hausa zalla a arewacin gari, kuma ni aka ɗora wa neman ɗakin da za a ara mana.