Famfo Mai Tura Ruwa Gefe Ɗaya ko Mai Kaɗa Ruwa: Wanne Ya Dace da Anemoni?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi tambaya kan irin famfon motsa ruwa da ya dace da tankinka na kiwon halittun teku, wanda kake son saka anemoni a ciki, wato dabbar teku mai laushi da ke kafa ƙafarta a dutse ko yashi, samanta kuma faifai ne mai baki a tsakiya da yatsu kewaye da shi. Tsakanin famfo mai tura ruwa gefe ɗaya da ƙarfin da ba ya sauyawa, da mai kaɗa ruwa wanda ake iya rage masa gudu a kuma saita shi ya riƙa hurowa yana sassautawa, ga tankinka mai lita 200 ka ɗauki mai kaɗa ruwan. In da hali ma, ƙanana biyu sun fi babba ɗaya.

Dalilin yana cikin halittar anemonin kansa. Ba shi da huhu, ba shi da zuciya ko jini. Ta fatar jikinsa yake shaƙar oksijin, kuma da kafa ɗaya yake cin abinci ya kuma fitar da abin da ya rage. A cikin namansa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ake kira zuzantele, waɗanda ke sarrafa haske su samar masa da kaso mai tsoka na abincinsa. Idan ruwa ya kwanta, wanda ke manne da jikinsa ba ya sauyawa, sai oksijin ya yi masa ƙaranci da dare, yauƙi da datti kuma su taru a kan faifansa. Motsi kam dole ne, sai dai wanda ya saba da shi a teku shi ne na kai da komowa, ba feshin da ke dukan ɓangare guda dare da rana ba.

Mai kaɗa ruwa nake amfani da shi, kuma ban taɓa da-na-sanin sayensa ba. Na manna biyu a gefuna biyu na tankin, suna ɗan kallon sama, na saita su suna karɓa-karɓa: wannan ya huro, wancan ya lafa. Anemonina, nau'in Entacmaea quadricolor mai kumbura a bakin yatsu, ya cusa ƙafarsa can cikin wani tsagin dutse inda ruwa ba ya dukanta, ya bar faifansa a waje. Idan ka tsaya ka lura, za ka ga yatsunsa sun karkata hagu a hankali, su ɗan tsaya, su dawo dama, kamar ciyawa a ƙarƙashin iska mai sauƙi, bakinsa a tsuke, ba yauƙi ko kaɗan a kansa. Tun da ya zaɓi wannan tsagin bai sake tashi ba, kuma a wurina babu shaidar da ta fi wannan, domin anemoni ba ya zama inda bai gamsu ba. Lokacin ba shi abinci kuwa maɓalli ɗaya nake dannawa, famfunan su lafa na 'yan mintuna, in ɗora masa ɗan yankin jatan lande, ya naɗe shi da yatsu ya kai baki ba tare da ruwa ya fizge ba.

Shi kuwa mai tura ruwa gefe ɗaya, na taɓa mallakarsa, kuma iyakar abin da zan yaba masa shi ne yana da ƙarko. Yanzu aikinsa a wurina gauraya ruwan gishiri a bokiti.

Game da ƙarfin da za ka nema, masu wannan kiwo sukan yi lissafi da cewa famfuna su juya ruwan tanki sau 20 zuwa 30 a awa guda, wato lita 4,000 zuwa 6,000 ke nan ga tankinka idan an haɗa su duka. Wannan ma'auni ne na farawa kawai, ba doka ba ce, domin yadda ka jera duwatsu yana iya karya ruwan ko ya matse shi ta lungu ɗaya. Ka fara da ƙaramin gudu, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan a tsawon kwanaki, kana duban dabbar. Idan yatsun sun kwanta gefe ɗaya ba sa dawowa, ko gefen faifan yana naɗewa, ruwan ya yi yawa ko kuma yana dukansa kai tsaye. Idan sun zube ba motsi, datti na sauka a kansu, ya yi kaɗan. Kada ka taɓa saita bakin famfo a kansa. Ka bar ruwan ya bugi gilashi ko dutse ya watse tukuna.

Nau'in anemonin da za ka saka ma yana sauya lissafin. Heteractis magnifica yakan hau ƙololuwar dutse, yana son ruwa mai ƙarfi da haske mai yawa, kuma ba na ba mai farawa shawarar ɗaukarsa. Stichodactyla haddoni da Macrodactyla doreensis a yashi suke binne ƙafa, don haka suna son motsi mai sauƙi wanda ba zai kwashe yashin da ke kewaye da su ba. Entacmaea yana tsaka-tsaki, shi ne kuma ya fi haƙuri. Da famfon da ake iya saitawa za ka biya wa kowannensu buƙata ba tare da sayen sabo ba.

Akwai haɗari ɗaya da nau'o'in famfon biyu suka yi tarayya a kansa, kuma ina roƙonka kada ka raina shi. Anemonin da bai gamsu ba yakan yi tafiya, galibi da dare, wani lokaci ma ya saki dutse ruwa ya ɗauke shi. Idan famfo ya zuƙe shi, farfela za ta daddatsa shi, ruwa ya yi fari, amoniya mai guba ta hau, kifaye su mutu kafin gari ya waye. Ka rufe kowane famfo da soso ko raga kafin anemonin ya shiga, haka ma bakin magudanar da ke kai ruwa matata. Soson yana toshewa ya rage gudu, saboda haka ka riƙa wanke shi duk mako.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa. Akwai masu rubuta adadin lita a jikin kwali wanda famfon bai kai ko kusa da shi ba, da masu sayar da jabu da sunan sanannun kamfanoni. Ka nemi a kunna shi cikin ruwa a gabanka, ka gwada na'urar saita gudun. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne mai nuna maka anemoni fari fat, musamman Heteractis crispa, ya ce launi ne da ba a cika samu ba, alhali dabbar ta rasa zuzantelenta ne, tana cikin yunwa. Wasu har rina su suke yi rawaya. Ka duba ƙafarsa kada ta kasance a yage, ka ƙi duk wanda bakinsa ke hangame, kuma duk wanda ya ce maka za ka iya saka anemoni a sabon tanki, kada ka saurare shi. Ka bari tankin ya kai aƙalla wata 6 ruwansa ya daidaita, famfunan biyu kuma suna aiki da rufinsu, sannan ka kawo shi.