Kulle folda a shafin intanet: wace hanya za ka zaɓa?

Kafin ka kashe kuɗi kan wata manhaja, tambayi kamfanin da ke ajiye maka shafi wace saba (manhajar da ke miƙa shafinka ga masu ziyara) yake amfani da ita: Apache, LiteSpeed ko Nginx. Amsarsa ce za ta raba gardama.

In Apache ce ko LiteSpeed kuma kana da cPanel (allon sarrafa shafi da kamfanin hostin ke bayarwa), makullin na nan kyauta a ƙarƙashin Directory Privacy. Ka zaɓi folda, ka sa suna da kalmar sirri, shi ke nan. Fayil biyu ne ke yin aikin: .htaccess a cikin foldar, da .htpasswd mai riƙe da sunayen mutane. Mai yi da hannu layi huɗu zai rubuta: AuthType Basic, AuthName, AuthUserFile da Require valid-user. In shafin ya ƙi buɗewa ya nuna kuskuren 500, yawanci daga AuthUserFile yake fitowa, domin cikakkiyar hanyar fayil yake so tun daga tushe. Kada ka ajiye .htpasswd a cikin public_html, foldar da ake buɗe wa jama'a. Wajen ƙara mutum na biyu kada ka maimaita -c a htpasswd, umarnin da ke rubuta sunaye a fayil ɗin, don zai shafe sunayen farko ya buɗe sabon fayil. Sa -B domin a adana kalmomin sirrin da bcrypt, hanyar ɓoyewa mai wuyar fasawa.

Nginx ba ta karanta .htaccess ko kaɗan. Sai an sa auth_basic da auth_basic_user_file a tsarin sabar kanta, wanda mai hayar ƙaramin hostin ba shi da iko a kansa.

Wannan hanya ta suna da kalmar sirri, a kowace saba ce, tana da rauni biyu. Burauza na aika suna da kalmar sirri da Base64, salon rubutu da kowa zai iya warwarewa, saboda haka ba a amfani da ita sai da HTTPS, mai ɓoye abin da ke wucewa tsakanin burauza da saba. Takardar shaidar da HTTPS ke buƙata kyauta ce a wurin Let's Encrypt. Sannan babu maɓallin fita. A kwamfutar da ake rabawa a ofis ko shagon intanet, wanda ya zauna bayanka zai tarar da ƙofa a buɗe muddin ba a rufe burauzar ba.

Masu WordPress su lura sosai. Da yawa daga cikin manhajojin kulle shafi rubutun kawai suke rufewa, PDF ɗin da ke wp-content/uploads kuwa duk mai adireshinsa zai sauke shi. Gwada adireshin fayil ɗin a burauzar da ba ka shiga da ita ba kafin ka biya ko sisi.

Ga mutum biyar ko goma, cPanel da HTTPS sun wadatar, amma kowa da sunansa, don in ɗaya ya bar aiki layinsa kawai za a goge. In ma'aikata sun yi yawa, duba Cloudflare Access, tsarin kamfanin Cloudflare mai tantance masu shiga shafi, kyauta ne har mutum 50, kuma yana tura lambar shiga ta imel. Sharaɗinsa sai sunan shafinka ya bi ta Cloudflare, kuma sai ka toshe sabarka daga shiga kai tsaye, in ba haka ba wanda ya san lambar IP ɗinta, wato adireshinta a intanet, zai zagaye Cloudflare.