Igiyar hemp, ta rama ko ta roba: wacce za ka saya?

Duk mai leƙa shagunan intanet ya ci karo da jaka, igiya ko riga an rubuta mata "hemp", da hoton ganyen wiwi a gefe, farashinta kuma ya ninka na auduga. Wasu da sun ga ganyen sai su ja da baya, wasu kuma ganyen ne ma ke jan su. Kowanne ɓangare ya ɗauka tsiro ɗaya ne da wanda 'yan shaye-shaye ke nema. Hemp, wato nau'in wiwin da ake nomawa don zarensa, dangi ɗaya ne da na shaye-shaye, amma an daɗe da raba gari.

Nau'in wiwin shaye-shaye da ake kira indika ɗan tsaunukan Hindu Kush ne, tsakanin Afganistan da Pakistan. Sunan ya fito daga masanin tsirrai na Faransa, Lamarck, a 1785, ko da yake shi samfurin Indiya ya bayyana, daga baya ne sunan ya manne wa na Afganistan. Gajere ne, da wuya ya kai mita biyu, mai cunkoson rassa da faffaɗan ganye kore shar. Yana saurin fure saboda lokacin zafi gajere ne a tsauni, sanyi kan riski duk tsiron da ya yi nawa. Manoman yankin Balkh da Mazar-i-Sharif na Afganistan sun shekara aru-aru suna zaɓen irin da ya fi danƙo, don daga danƙon ake tankaɗe hashis, wani kayan maye. Kara kuwa ba ruwansu da shi. Saboda haka idan mai talla ya ce maka igiyarsa ko rigarsa "ta indika" ce, ya raina maka wayo. Gajeren kara mai rassa ba ya ba da zaren kirki.

Hemp na masana'antu ana shuka shi ne a matse, tsiro kusa da tsiro, don ya miƙe ba reshe, ya kai mita uku ko huɗu cikin wata uku zuwa huɗu. Sin da Faransa na cikin manyan masu noma shi. Zarensa na da ƙarfi ƙwarai, da shi ake ɗaure filafilan jiragen ruwa a da, sai dai sai an shafe shi da kwalta don ruwa na ruɓar da shi daga ciki. Tufafinsa da farko yana da kaushi, yana laushi da wanki, yana kuma saurin yamutsewa. Duba takardar wuyan rigar da kyau: da yawa rabi da rabi ne da auduga, kuɗin kuwa na zalla ake karɓa.

Sai maganar doka, wadda ta fi farashi nauyi. Amurka ta halatta noman hemp a 2018, da sharaɗin sinadarin THC mai sa maye kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari. Majalisar Ghana ta amince da irin wannan mizani a 2023, amma da lasisi. A Najeriya dokar tabar wiwi ta 1966 tana nan, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 na aiki, kuma noman wiwi kowane iri laifi ne. Wanda ya yi odar ƙwayar iri don "gwaji" a bayan gida, ba a kan kashi nawa za a yi masa tambaya ba.

To ga rama, wadda muke kwaɗo da ganyenta. Sunanta na kimiyya Hibiscus cannabinus, wato an laƙaba mata sunan wiwi saboda yatsun ganyenta sun yi kama da nasa, alhali 'yar gidan kuɓewa da yakuwa da auduga ce, ba ta da ɗigon maye. Ana yanke ta, a jiƙa karan a kududdufi mako ɗaya zuwa biyu, a saɓule bawon, a wanke, a shanya. Wanda ya taɓa zama kusa da dattijo yana tufka, ya ɗaure bakin zaren a babban yatsan ƙafa, yana murzawa da tafin hannu, ya san yadda ake gane mai kyau: launinta fari-fari mai ɗan sheƙi, tufkar a matse, idan ka murɗa ta baya ba ta buɗe baki. Wadda ta yi duhu tana warin ruɓa ta wuce kwana a ruwa, ka ja ta da ƙarfi za ka ji tana tsinkewa sili-sili. Don ɗaure tunkiya, ɗaurin jinka ko dami, ni dai ban ga abin da hemp zai yi maka wanda rama ba ta yi ba. Ta ɗan fi shi kaushi, shi ya sa ba a cika yin riga da ita zalla ba.

Buhun algarara da ake shigowa da shi daga Bangladash da Indiya kuwa zaren dangin lalo ne. Yana barin hatsi ya sha iska, amma bai kai waɗancan biyun jure ja ba.

Igiyar roba ta fi su duka araha da jure ruwa, don haka guga da ɗaurin kaya a mota nata ne. Rana ce ajalinta: bayan wasu watanni sai ta fara gari a hannu. Tana kuma cin ƙafar dabba idan an turke ta da ita. 'Yan kasuwa kan cuɗa ta da zaren tsiro su rina, don haka ka nemi a yanko maka ɗan guntu ka kusanta shi da ashana. Zaren tsiro zai ci kamar takarda ya bar toka mai laushi, roba kuwa za ta narke ta dunƙule baƙi ƙirin tana wari. Idan mai kaya ya hana ka gwadawa, matsa rumfa ta gaba.