MiFi ko rauta mai cin SIM?

Malam, tunda intanet na gida kake nema, tsakanin MiFi (ƙaramar na'urar Wi-Fi ta aljihu mai batiri) da rauta mai cin SIM (babbar da ake jonawa a wuta), ɗauki rautar kawai.

Irin su Huawei B315 kan ɗauki na'ura har 32, ga ramukan LAN huɗu na jona kwamfuta da kebul, ga wurin ɗaura eriya biyu a bayanta idan sabis ɗin unguwarku ba ƙarfi. Ɗora ta a sama kusa da taga, za ta wadaci falo da ɗakuna. Rauninta wuta ne: 12V take ci, sai ka haɗa mata ƙaramin UPS, wato batirin ajiye wuta, mai ba da 12V, in an ɗauke wuta ba za ta mutu ba. MiFi kuwa ta matafiyi ce. Ka bar ta a caji dare da rana cikin zafin bazara, batirin kumbura zai yi.

Inda mutanenmu ke sakaci shi ne tsaro. Fasuwod biyu ne, ba ɗaya ba. Buɗe 192.168.8.1 a burauza (wasu 192.168.0.1 ne, duba takardar da ke manne a jikinta), ka fara canza na shiga saiti, domin yawanci admin yake zuwa, kuma kowane yaro ya sani. Sannan na Wi-Fi: haruffa 12 ko fiye, ban da lambar waya da sunan ɗa. A wajen nau'in tsaron Wi-Fi, zaɓi WPA2 mai AES, ko WPA3 in akwai. Kashe WPS, wato hanyar shiga Wi-Fi da maɓalli ko lambar PIN ba tare da fasuwod ba, don Allah. Lambobinsa takwas ne, amma rabi-rabi ake tantance su, shi ya sa gwaji kusan 11,000 ya isa a fasa shi. Kuma duk wanda ka saka wa fasuwod a waya zai iya miƙa wa wani ta QR, saboda haka ka riƙa leƙa jerin waɗanda ke kai, ka toshe baƙuwar waya.

Hattara da 'yan kasuwa. Wani zai rantse maka tana cin kowane layi alhali a kulle take da layin kamfani ɗaya, wani ya nuna maka 5G a kwali, nan kuwa 5GHz na Wi-Fi ake nufi, ba sabis ɗin 5G na layin waya ba. Tafi da layuka biyu na kamfanoni daban, a gwada a gabanka, ka ga 4G ta hau kafin ka biya. In ta hannu ce, danna reset na daƙiƙa 10 ka goge saitin mai ita na farko.