Alƙalamin gwajin ruwa na TDS: abin da yake aunawa da abin da ba ya gani

A 'yan shekarun nan wani ɗan ma'auni mai siffar alƙalami ya yawaita a hannun masu sayar da matatar ruwa, da masu gidajen fiya wata, da wasu masu haƙa rijiyar burtsatse, har ya fara shiga gidajen mutane. Ana samunsa a shagunan kayan famfo da kasuwannin intanet a kan 'yan dubban nairori, galibi da haruffan TDS a jikinsa, wato jimillar abubuwan da suka narke a cikin ruwa, kuma masana'antu da dama ne suke ƙera shi a siga kusan ɗaya, saboda haka wannan sharhi bai ta'allaƙa ga wani kamfani ba. Na jima ina amfani da shi a kan ruwan rijiya da na burtsatse da na 'yan garuwa, kuma ra'ayina shi ne kayan aiki ne mai kyau ga aikin da aka ƙera shi dominsa, sai dai ana tallarsa da sunan wani aiki da ba zai taɓa iyawa ba, wato gaya wa mutum ko ruwansa yana da lafiyar sha.

Sarrafa shi ba wuya. Ana cire murfin ƙasa, a danna maɓalli, a tsoma bakinsa cikin ruwa gwargwadon gaɓar yatsa, bayan 'yan daƙiƙu sai lamba ta tsaya a ɗan allonsa. Akwai maɓallin da yake riƙe lambar bayan an fitar da shi daga ruwan, akwai kuma wanda yake nuna zafin ruwa, kuma ƙananan batura irin na agogo yake ci, waɗanda suke daɗewa domin yana kashe kansa idan an ajiye shi. Jikinsa roba ce mara nauyi, kuma yawancin masu araha bakinsu kaɗai ne yake jure ruwa, don haka idan ya suɓuce ya nutse cikin bokiti, da wuya ya sake tashi.

Abin da ya kamata mai saye ya fara fahimta shi ne yadda lambar take samuwa. A bakin alƙalamin akwai ƙarafa biyu ƙanana, yana tura 'yar wutar lantarki daga ɗaya zuwa ɗaya ta cikin ruwan, sannan ya auna sauƙin da ta samu wajen ƙetarewa. Ruwa tsantsa ba ya ɗaukar lantarki sosai, amma gishiri da kanwa da sauran ma'adinan da suka narke a cikinsa suna sauƙaƙa mata hanya, shi ya sa yawansu yake ɗaga lambar. Daga nan sai ya ninka abin da ya auna da wani adadi, galibi tsakanin 0.5 da 0.7, ya fitar da ƙiyasin nauyin narkakkun ma'adinai a ma'aunin ppm, wanda kusan daidai yake da miligiram a kowace lita. Ƙiyasi ne, ba awo na kai tsaye ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa alƙaluma biyu na masana'antu daban za su iya ba da lambobi daban a kofi ɗaya ba tare da ɗayansu ya lalace ba. Zafi ma yana da tasiri, domin ƙarfin ɗaukar lantarki yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya. Masu inganci suna gyara lissafin zuwa digiri 25, marasa inganci kuwa sai su nuna ruwan tankin da ya sha ranar bazara ya fi na randa ma'adinai alhali daga famfo ɗaya suka fito.

Duk wanda ya saye shi zai iya gane iyakarsa a madafin gidansa. Idan aka jefa ɗan gishiri kaɗan a kofin ruwa, lambar za ta yi tsalle nan take. Idan cokalin sukari aka zuba, kusan ba za ta motsa ba, haka ma idan aka ɗiga kananzir, domin ba sa ɗaukar lantarki. Ruwan gishiri da sukari na ORS, wanda yake ceton yaro mai gudawa, lambarsa tana haura dubu nesa ba kusa ba, ruwan saman da ya gangaro ta rufin kwano ya kwaso kashin ƙadangare da na tsuntsaye kuwa yakan nuna lamba ƙarama ƙwarai. In da ƙaramar lamba ce shaidar lafiya, da sai a zubar da na farko a sha na biyu.

Ita lambar, a mafi yawan lokuta, labarin duwatsun da ruwa ya ratsa take bayarwa, kuma a nan ne na fi jin daɗin alƙalamin. Yawancin ƙasar Kano da Zariya da Kaduna da kudancin Katsina tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, ruwan ƙasa yana taruwa a ruɓaɓɓen samansa da kuma tsagogin da ke cikinsa, kuma da yake irin wannan dutse ba ya narkewa da sauƙi, ruwansa yakan zo da ma'adinai kaɗan. Idan aka nufi Sakkwato, inda ake da shimfiɗar dutsen farar ƙasa na Kalambaina wanda ake yin siminti da shi, ruwan da ya ratsa shi yakan yi nauyi, sabulu ya ƙi kumfa, buta ta yi farin ɓawo. A gabas, a kwarin Tafkin Chadi, akwai hawa uku na ruwan ƙasa a cikin rairayi da yumɓu, kowane hawa da yanayinsa, ga kuma wuraren kanwa inda rijiya take yin zartsi. A Awe da Keana na jihar Nasarawa ruwan gishiri ne yake ɓuɓɓugowa, har an daɗe ana dafa gishiri da shi. Wannan bambanci duka alƙalamin yana iya nuna shi, kuma ga ɗalibin ilimin ƙasa ko mai sha'awar sanin dalilin da ya sa rijiyar unguwarsu take da garɗi ta ƙetaren kwari kuwa take da zartsi, darasi ne mai araha. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, ya sa 500 a matsayin iyakar narkakkun ma'adinai, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta kafa musu haddi na lafiya ba, ta dai ce ruwan da bai kai 600 ba yakan yi daɗin sha, wanda ya haura 1,000 kuma yakan fara gundurar baki. Maganar ɗanɗano ce da ɓawon bututu, ba maganar guba ba.

Abubuwan da suke kashe mutane ko nakasa su ta hanyar ruwa kuwa, kusan dukkansu sun fi ƙarfin idonsa. Na farko su ne ƙwayoyin cuta. Ƙa'ida ita ce kada a sami ƙwayar E. coli, wadda take nuna najasa ta shiga ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma ƙwayoyin kwalara da na taifot ba sa sauya lambar ko kaɗan. A annobar kwalara ta 2021 an ƙiyasta mutane sama da 100,000 ne suka kamu a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Da an bi rijiyoyin da suka yaɗa cutar da wannan alƙalami, da yawansu za su ci jarrabawa. Haka kuma idan aka tafasa ruwa aka kashe ƙwayoyin, lambar ba ta faɗuwa yadda mai shi zai zata, wani lokaci ma takan ɗan hau saboda tururin da ya fita, sai wanda bai sani ba ya ɗauka tafasawar ba ta yi amfani ba.

Na biyu su ne sinadaran da ƙanƙaninsu yake isa ya yi illa. Haddin filoraid miligiram 1.5 ne a lita. A garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi, wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ta zo da filoraid da ya haura ninki uku na wannan haddi, aka shafe shekaru ana shan ruwan domin garau yake, ba wari ba ɗaci, har sai da ɗaruruwan yara suka tashi da karkatattun ƙafafu da lalatattun haƙora. Daga cikin dutse filoraid ɗin ya fito, ba wanda ya zuba shi, kuma an san irin wannan matsala a Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe. Miligiram biyar na filoraid a cikin ruwan da lambarsa take 200 ko 300 ɓacewa yake yi, babu yadda za a ware shi. Lamarin dalma ya fi haka muni, domin haddinta miligiram 0.01 ne, alƙalamin kuwa ba ya nuna abin da bai kai 1 ba, ma'ana ruwan da dalmarsa ta ninka haddi sau hamsin ba zai ƙara ko lamba ɗaya ba. Gubar dalmar da aka gano a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara kimanin 400, galibi ta ƙura da ƙasar tsakar gida ta shiga jiki sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, amma kududdufai da wasu rijiyoyi ma sun gurɓata, kuma duk mai zaune kusa da wurin haƙar ma'adinai bai kamata ya sami natsuwa daga wannan allo ba. A kusa da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai, dagwalon yana ɗauke da gishiri mai yawa, don haka lambar tana iya hawa ta yi gargaɗi, amma ba za ta ce kuromiyam ne, wato sinadarin da ake jeme fata da shi, ko gishirin banza ba, kuma haddin kuromiyam miligiram 0.05 ne kacal.

Wannan gibi ne wasu masu talla suke cin kasuwa a cikinsa. Sai a tsoma alƙalamin a ruwan burtsatsen gida ya nuna ɗari da wani abu, a tsoma a ruwan da ya fito daga matatarsu ya nuna goma, a ce wa maigida ga shaida yana shan datti, alhali abin da matatar ta cire yawancinsa kalsiyam ne da magnesiyam, waɗanda ba su cutar da kowa a wannan mizani. Wasu ma sukan haɗa da wata na'ura mai sandunan ƙarfe da ake jonawa da wuta, ruwan ya rikiɗe ya yi ja ko kore yana kumfa; launin nan daga sandunan yake fitowa yayin da lantarki yake cinye su, kuma ruwa mafi tsabta a duniya zai yi hakan idan aka jefa masa ɗan gishiri.

Duk da haka akwai aiki biyu da yake yi da kyau, kuma saboda su ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Mai gidan fiya wata ko mai matata irin wadda take tace ruwa ta matsi yana buƙatarsa kullum, domin da zarar lambar ruwan da ke fitowa ta fara kusantar ta wanda ke shiga, tantanin matatar ya mutu, lokacin sauyawa ya yi. Aiki na biyu shi ne sa ido a kan rijiya ɗaya na tsawon lokaci. A tsofaffin unguwanni masu cunkoso, inda ba a samun tazarar mita 30 da ake so tsakanin masai da rijiya, ruwan masai da na kwatami yakan tsiyaya ƙasa ɗauke da gishiri da naitiret, kuma waɗannan alƙalamin yana jin su. Idan rijiyar wani gida ta ninka ta maƙwabta ba tare da dalili ba, ko lambarta ta sauya sosai bayan ruwan sama mai ƙarfi, alama ce cewa wani abu daga sama yana shiga, kuma ya kamata a bincika, musamman idan da ruwan ake dama wa jarirai abinci, domin naitiret da ya haura miligiram 50 a lita yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata, kuma tafasawa ba ta cire shi. Sharaɗin wannan amfani shi ne a riƙa rubuta lambar da kwanan wata, a wanke bakin alƙalamin bayan kowane awo, a kuma riƙa daidaita shi da ruwan gwaji mai lamba sananniya, yawanci 342, wanda abin takaici masu shago kaɗan ne suke ajiye shi, takardar bayanin da ke cikin kwalin ma a taƙaice take ambatonsa.

Wanda tambayarsa ita ce ko iyalinsa za su sha ruwan, gara ya kai kuɗinsa wani wuri. Akwai 'yar kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta da ake cika ta da ruwa a ajiye kwana ɗaya zuwa biyu, idan ta yi baƙi to akwai alamar najasa; akwai kuma 'yan takardun da suke sauya launi don naitiret, ko da yake ƙiyasinsu ba shi da zurfi. Filoraid da dalma da kuromiyam kuwa sai ɗakin gwaje-gwaje, irin na Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, ko na sassan kimiyya a jami'o'i, ko na hukumomin ruwa na jihohi. Samfurin gwajin ƙwayoyin cuta a kwalbar da aka kashe ƙwayoyinta ake ɗiba, wadda ɗakin gwajin ne ya kamata ya bayar, a sa shi cikin ƙanƙara, a kai shi cikin sa'o'i shida in da hali, kada dai ya wuce kwana ɗaya. Mai shirin haƙa sabuwar burtsatse kuma ya sa sakamakon ɗakin gwaji cikin yarjejeniyarsa da mai haƙa tun kafin a kawo injin, ya ambaci E. coli da naitiret da filoraid da sunansu, ya ƙara da dalma idan garinsu yana kusa da wurin haƙar ma'adinai, sannan ya riƙe cikon kuɗin aikin har sai takardar ta zo hannunsa.